Tattasan Mbarka a Kan Titin Jirgi

Jilali yana cikin tsiyaya shayi sai ya ji ƙarar inji daga yamma. Bai ajiye butar ba sai da kofin ya cika, don ya ɗauka jirgin feshin gonaki ne yake wucewa. Jirage biyu ne kacal a wannan fili. Ɗaya yana cikin rumfa, an kwance masa farfela tun bazara. Ɗayan kuwa Alhaji Ma'ati ya tashi da shi da ƙarfe tara ya nufi bakin teku, ya ce kada a sa ran ganinsa kafin la'asar. Ga shi ko sha biyu ba ta yi ba.

Ƙarar ta matso, ya kuwa gane ta. Shekara ashirin da shida yana kula da filin nan, muryar wannan injin ba ta ɓace masa. Ya ɗauki oba-oba ya kira lambar jirgin. Ya jira, ya sake kira. Babu abin da ya dawo masa sai shuuu.

Da ya leƙo ƙofa ya tarar Ma'allam Sharƙawi, bakaniken ƙungiyar matuƙan, ya riga ya fito daga rumfa yana kare rana da tsumman hannunsa. Jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, ya bi tsawon titin tun daga farko har ƙarshe bai taɓa kwalta ba, yana karkata fukafukai hagu da dama, sannan ya sake ɗagawa. Jar fitilar da ke ƙyaftawa a wutsiyarsa a mace take.

"Wuta ta ɗauke masa," in ji Sharƙawi.

Ya faɗe ta ne kamar wanda ya daɗe yana jiran ranar. Tun Alhamis ya gaya wa Alhaji dainamon ba ya cajin batir yadda ya kamata, Alhaji ya ce a bari kakar tattasai ta wuce, in ya je Kasabalanka ya taho da sabo. Jilali ya tambaya ko injin zai mutu. Sharƙawi ya ce a'a, injin da nasa tartsatsin yake tafiya, ba ruwansa da batir. Abin da ya tafi shi ne oba-oba, da fitilu, da agogon mai, da marafan fiffike.

Marafan nan Jilali ya san aikinsu. Su ake saukewa a bayan fukafukai in an zo sauka, su tare iska, jirgi ya sauko a hankali ya tsaya kusa. In babu su da gudu zai shigo, kuma zai ci titi.

"Har ina zai kai?"

"Har inda ka sani, Si Jilali," in ji Sharƙawi, ya haɗa masa da "Si" ɗin girmamawa irin na ƙasar.

Duk su biyun suka juya suka dubi gabas. Can ƙarshen titin ja ne wur, yana ƙyalli a rana.

Titin mita ɗari tara ne. Ƙananan jiragen ƙungiyar ba su taɓa buƙatar fiye da rabinsa ba, daidai tankin ruwa suke tsayawa su juyo. Abin da ya rage kwalta ce shimfiɗe rana tana dukanta a banza. Shekara bakwai da suka wuce, bayan rasuwar yayansa, Jilali ya ce wa matar yayan, Lalla Mbarka, ta riƙa kawo tattasanta tana shanyawa a can ƙurya in Oktoba ta kama. Injin niƙan da ke sayen tattasan duk yankin ba ya karɓar wanda aka shanya a ƙasa, yashi kaɗan sai a juyo maka da buhunka. Injin kuwa na Alhaji Ma'ati ne. Shekarar farko Mbarka ita kaɗai ta zo. Bana su shida ne da maƙwabtanta, shanyar ta cinye kashi ɗaya cikin uku na titin. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Matuƙan suna ganinsa daga sama duk shekara, ba wanda ya taɓa tankawa. Yau kwanan tattasan shida a rana. Gobe za a zuba a buhu.

Jilali ya koma ɗaki ya buɗe kabad, ko da yake ya san abin da zai tarar. Fitilar ishara tana nan cikin kwalinta, wadda ake haska wa matuƙin da oba-obansa ya mutu: ja, kada ka sauka, kore, bismilla. Ƙwanta ya ƙone shekara uku ke nan. Takarda tara ya rubuta a kanta da rubutunsa mai cin lokaci, kowacce ya miƙa wa shugaban ƙungiya hannu da hannu. Shugaban ƙungiyar shi ne yake zagaye a sama yanzu.

Ya rufe kabad ɗin da ƙarfin da bai yi niyya ba. Ya zaro wayarsa ya kira Alhaji. Ta shiga. Yana tsaye riƙe da ita a kunne sai ya ji kiɗan kiran yana tashi daga ƙarƙashin itacen zaitun, cikin baƙar motar Alhajin da aka ajiye a inuwa. Ya manta. Alhaji ba ya hawa sama da waya, ya ce can ne kaɗai wurin da ba a bin sa da buƙata.

"Mai fa?" ya tambayi Sharƙawi.

Sharƙawi ya ce shi ya zuba da hannunsa, na awa uku da ɗan ɗori, don Alhaji ya ce a can zai ƙara. Babban filin jirgin bakin teku kuwa ba a shiga masa sai an yi magana ta oba-oba, shi ya sa ya juyo gida. Ya ci awa biyu da minti arba'in. Abin da ya rage ko shi Alhajin bai sani ba, tunda agogon ya mutu.

Jilali ya yi lissafin da ba ya son yi. Kwashe shanyar nan yadda ya kamata, da manjagara da tsintsiya da buhu, aikin la'asar zuwa magariba ne. Motar ƙungiya tana bayan rumfa, tayoyinta biyu a sace tun watan jiya. Idonsa ya faɗa kan dogon bencin ƙarfen da baƙi ke zama a kai, sannan ya koma kan ƙusar da Alhaji ya rataye makullin motarsa.

Suka kwantar da bencin, Sharƙawi ya ɗaure shi a bayan motar Alhaji da igiyar da ake ɗaure jirgi in ana iska, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo don ya riƙa tura kaya waje. Jilali ya shiga. Bai taɓa zama a mazaunin direban irin wannan motar ba. Ƙafarsa ta hagu tana ta laluben kuloci, babu. Ya murɗa nan, gilashi ya sauka, ya taɓa can, waƙa ta tashi. Sai da Sharƙawi ya zuro hannu ta taga ya ja sandar giyar sannan motar ta zabura, bencin yana ƙara a baya kamar ana jan rufin kwano.

Matan suna cikin shanyar ba takalmi, suna juya tattasai da manjagara, kowacce da malafa a kan ɗankwali. Da suka ga motar Alhaji, suka kuma ga wanda yake ciki, sai dariya. Ɗaya ta rangaɗa ƴar guɗa. Mbarka ta dogara da manjagararta ta dube shi sama da ƙasa.

"Ƙanin miji, wa ya mutu ya bar maka wannan?"

"Ba wanda ya mutu tukuna, Lalla Mbarka."

Ya yi mata bayani, kuma shi kansa ya ji bai yi shi da kyau ba. Ya fara da marafai, ya koma kan mai, ya dawo kan batir. Ta bar shi har ya gama. Ta ce kullum a tanki suke tsayawa, yau ma ya tsaya a tanki. Ya ce yau ba zai iya ba. Ta ce to a ba su zuwa azahar, in suka haɗa hannu za su kwashe rabi. Ya ce babu azahar, minti goma ne, in Allah ya taimaka sha biyar. Ta dubi bencin, ta dubi gefen titin inda babu komai sai rairayi da busasshiyar ciyawa, a nan ta gane abin da ya zo yi.

"Buhu huɗu Alhajin ya juyo min da su shekarar da yayanka ya kwanta," ta ce. "Da hannunsa ya murza, ya ce yashi."

"Na sani."

"Ka sani. Kai komai ka sani, ba ka taɓa cewa komai ba."

Jirgin ya sake zuwa, wannan karon ya fi na ɗazu ƙasa. Iskarsa ta ɗaga busasshen tattasan ya yi ta gangarawa yana kas-kas a kan kwalta. Ta taga ana ganin kan Alhaji ya leƙo, da hannu ɗaya yana nuna titin. Mbarka ta bi jirgin da ido har ya ɗaga ya karkata wajen duwatsu.

"Shi kaɗai ne a ciki?"

"Shi kaɗai."

Ta tsaya nan ba ta motsa ba. Jilali ya ji kamar ya fasa ihu, amma matar nan ita ta yi masa wanki da girki shekara huɗu kafin ya yi aure, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ce mata a hankali, in taya ta hau wannan da gudu zamewa za ta yi, jirgin ya kife. Ya ce shi ya ce ta shanya a nan, laifin nasa ne, amma wannan maganar ta jira.

Mbarka ta sunkuya ta ɗauki takalmanta daga bakin kwalta ta sa. Wata daga cikin matan ta fara cewa ita fa nata na ƴaƴanta ne, Mbarka ta katse ta. Ta ce kowa ta tura wajen arewa, can ƙasar ta fi tauri. Sannan ta juyo ga Jilali.

"Nawa ne a gaba, da shi za ka fara. In ka fara da na mutane ba zan iya zama a unguwa ba."

Haka ne kuwa. Ita da ta kawo su ta bar musu can ƙuryar, ta ɗauki kusa da tanki.

Ya shiga da motar. Ƙarar da ta tashi ƙarƙashin tayoyin irin ta taka busasshen ganye ce, sai dai ba ta ƙarewa. A madubi yana ganin bencin yana tattaro jan tudu yana zubarwa gefe, wani yana tsallakewa ta sama. Bencin ya yi rashin nauyi. Sharƙawi ya iso da gudu yana haki, ya haye kansa ya riƙe bayan motar, nan fa ya fara sharewa sosai. Ƙurar tattasai ta shigo ta tagar da Jilali ya kasa rufewa, idonsa ya cika da ruwa, ya yi ta atishawa yana tuƙi. A dawowa ta biyu igiya ta tsinke, Sharƙawi ya faɗi zaune, ya tashi yana zagin igiyar da wanda ya saye ta, ya ƙulla. Matan suna bin bayansu da manjagara suna tura tudun zuwa gefe, daga kwalta zuwa rairayi, aikin da suka yi shekara bakwai suna gudu. Mbarka ta fi kowa sauri.

Sun buɗe hanya a tsakiya, sai kamar taku hamsin na ƙarshe, lokacin da Sharƙawi ya buga bayan motar da tafin hannu.

"Ya juyo. Wannan karon ba wucewa zai yi ba."

Jilali ya danna hon ya riƙe. Matan suka watse da manjagarunsu. Ya karya kan motar ya faɗa da ita cikin gonar alkamar da aka girbe, wani abu ya daki cikinta, bai tsaya dubawa ba. Ya fito ya tsaya.

Jirgin ya taho a miƙe, da gudun da Jilali bai taɓa ganin an shigo wannan titi da shi ba. Ya wuce inda aka saba taɓawa yana shawagi kamar ba ya son ƙasa. Ya taɓa, ya yi tsalle, ya sake taɓawa. Birki ya yi ƙara. Ya wuce ɗakin Jilali, ya wuce rumfa, ya wuce tankin ruwa bai ko rage rabin gudunsa ba. Ya shiga hanyar da aka buɗe, jan tudu hagu da dama, wutsiyarsa tana ɗan rawa. Daga nan ya fara lafawa. Ya kutsa cikin ragowar shanyar a hankali, farfela ta watsa tattasai sama, ya tsaya. Tsakaninsa da magudanar ruwan da ke ƙarshen fili bai fi tsawon mota biyu ba.

Injin ya mutu. Jar ƙura ta yi ta sauka a kan fukafukan. Wani wuri wata mata tana tari.

Alhaji Ma'ati ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa. Babban mutum ne, farar rigarsa ta manne masa da gumi. Ya sauko ya riƙe ƙarfen fiffike, ya zauna a kan taya. Ɗaya daga cikin matan ta kawo masa ruwa a kofin roba, ya shanye, ya miƙa a ƙaro. Sai da numfashinsa ya dawo sannan ya nemi Jilali da ido.

"Ina fitilar? Sau biyu ina zagayowa ina neman kore a tagarka."

Sharƙawi ya juya baya ya shiga duba tayar gaba.

"Tana cikin kabad, Si Alhaji," in ji Jilali.

Alhaji ya juya kai. Ya hango motarsa a cikin gona, ja tun daga taya har gilashi, ƙarfen baya yana lilo, benci ɗaure a gindinta. Ya miƙe da ƙyar, ya taka zuwa bakin kwalta inda tudun ya zube. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba, ba shi ba. Ya ɗauki ɗaya, ya ɓalla, ya murza a tafin hannu, ya hura.

"Wannan ya sha yashi," ya ce.

Sai da ya faɗa sannan ya ɗaga kai ya ga masu jinsa. Mbarka tana durƙushe taku uku daga gabansa, tana tsince waɗanda ba su farfashe ba tana zubawa a haɓar zaninta. Ba ta ɗago ba.

Alhaji ya kakkaɓe hannu a wando. Ya ce kansa yana sarawa, gida zai tafi, sauran magana gobe. Ya miƙo hannu. Jilali ya ji makullin a cikin tafinsa, ya riƙe shi tun ɗazu har ya yi masa shaida.

"Motar tana da aiki, Si Alhaji."

"Wane aiki?"

"Za ta kai buhunan nan injin niƙa. Yau. Yadda suke."

Hannun Alhaji yana nan a miƙe. Ya rage murya ya tuna wa Jilali cewa sauka irin wannan sai an rubuta wa hukuma rahoto, kuma a takardar akwai gurbin da ake faɗin halin da titi yake ciki. Ya ce shi mutum ne mai rufa asiri, shekara bakwai yana gani daga sama bai ce uffan ba. In aka rubuta titi a share yake, wuta kuma ta ɗauke ne haka kawai, kowa ya kwana lafiya.

"Ni nake rubuta shi," in ji Jilali. "Zan sa tattasan. Zan sa fitilar. Zan sa abin da Ma'allam ya gaya maka ran Alhamis."

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani."

Mbarka ta ɗan dakata da tsintar, ta dube shi ta gefen malafa, ta ci gaba.

Alhaji ya sauke hannunsa. Ya dubi magudanar ruwan, ya dubi hancin jirginsa, ya daɗe yana auna tsakaninsu da ido. Ya koma ya zauna a kan tayar, a inuwar fiffike.

"Ka ce wa mai sikeli ya ware su daban," ya ce. "Kada ya haɗa min da masu kyau."

Sharƙawi ya karɓi makullin ya je ya fito da motar daga gona, ya kwance bencin, ya buɗe bayanta. Matan suka kwaso buhuna. Jilali ya ɗauki ɗaya ya buɗe wa Mbarka, tana ɗibowa da hannu biyu tana zubawa, tattasai da gari da rairayi, har da ƴan tsakuwa suna sauka a gindin buhun.

"Baɗi kuma sai a ina?" ta ce, ba ta dube shi ba.

Ya duba titin. Rabinsa baƙi, rabinsa ja-ja, da sawun taya uku a tsakiya.

"To riƙe bakin da kyau," in ji ta. "Yana zubewa."